Yadda Za Ka Gyara Giyar Motar Surukinka a Tsakar Gida

Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na ba ka tabbacin motar za ta motsa. Ni na gwada a Dutse, a kan tsohuwar motar surukina Malam Idirisu, mai ja da ƙafa huɗu, wadda ita kaɗai ke iya ratsa yashin hanyar ƙauyensu a Buji.

1. Riƙe sunan da aka ba ka

Ka yi shekara shida a Turai kana karanta kiwon kifi. Wannan bai dami kowa ba. Tun ranar da ka dawo unguwa ke kiranka Injiniya, kuma Injiniyan ne Malam ya ba wa 'yarsa. Saboda haka in ya kira ka ranar Litinin ya ce giya ta ƙi shiga, ga shi ranar Juma'a yana da saukar karatun ɗalibansa a ƙauye, kada ka ambaci bakanike. Ka ce, "Ƙaramin abu ne, Malam." Wanda ya yi karatu a waje ba ya tambaya, gyaɗa kai yake yi.

2. Sauke akwatin giya

Ya fi buhun gero nauyi. Za ka tabbatar da haka lokacin da yake kan ƙirjinka. Kada ka yi ihu, matan maƙwabta na ji. Jira ladan Isah ya zo wucewa, ka ce ya ɗan ɗaga maka, kana son duba wani abu.

3. Warware, ka jera

Shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Duk ƙarfen da ka zare, ajiye shi kusa da wanda ya riga shi fita, domin daga na ƙarshe ake fara mayarwa. Wannan jerin shi ne iyakar iliminka. Kada ka ɗauki hoto, masu shakkar ƙwaƙwalwarsu ke yin haka. Tafi sallar la'asar.

4. Gode wa matarka

Za ka dawo ka tarar Mu'minatu ta goge komai da toka da soso har yana ƙyalli, ta jera a kabad yadda uwarta ta koya mata jeren kwanuka: babba a ƙasa, ƙarami a sama. Za ta ce ba ta iya barin kayan mahaifinta a ƙasa kaji na bi ta kai. Za ta ƙara da cewa wanda ya jera su da farko ba shi da ido. Ka ce sannu da aiki.

5. Haɗa

Abin da ya shiga, wurinsa ke nan. Abin da ya ƙi, akwai guduma. Guda uku za su rage. Maƙeran motar ne suka yi almubazzaranci. Bar wa Mu'minatu, dama tana neman abin danne murfin randa.

6. Juma'a

Malam zai zauna a kujerar baya da rawaninsa da carbinsa. Sa giya ta ɗaya, motar za ta yi baya. Sa ta biyu, baya dai, da sauri, har ta gogi katangar ladan Isah. Haka har ta biyar. Kada fuskarka ta canza. Juya wuya ka kama hanyar Buji. Masu adaidaita za su ba ka hanya ba tare da ka roƙa ba. In Malam ya tambaya ko haka ake yi a Turai, ka ce sabon tsari ne, bai iso nan ba tukuna.

7. Karɓi sakamako

Dattawan ƙauye da ɗalibai sun jeru a ƙofar makaranta. Bayan motar ne zai fara isa gabansu. Malam zai fito ya gyara rawani, ya daɗe yana kallon motar, ya dube ka.

"Shekara ashirin ina hawan motar nan, kullum direba ke riga ni isa taro. Sai yau aka koya mata ta san babba. Allah ya yi maka albarka, Injiniya."

Za ka ci tuwon walima kana kallon bangon da ke bayanka, don wuyanka sai bayan mako guda zai dawo. A nan mai gari zai zagayo inda fuskarka take, ya miƙa maka makullin tasa motar.

Gargaɗi: marubucin ba ya ɗaukar alhakin wuyanka, ko aurenka, ko katangar ladan Isah. Mai tambaya a kan tarwaɗa kuwa, ya zo gida ya same ni.