Barau Ya Yi Wa Motar Surukinsa Saiti

Wani mutum ne a Funtuwa ana ce masa Barau Injiniya. Ba wata makaranta ce ta ba shi injiniyancin ba, shi ya raɗa wa kansa, mutane kuma suka bar masa don ba su da ƙarfin musu. In ka zauna da shi a teburin mai shayi, kafin kofinka ya huce ka ji yadda ya shekara bakwai a Agadas yana saita ƙafafun motocin da ke ratsa sahara. Wai ko awo ba ya yi. Tsugunawa kawai zai yi, ya kanne ido ɗaya, ya ce tayar hagu ta kauce da kaurin gashin gira. Tsofaffin unguwa dai sun san dabino ya je sarowa, ya yi wata biyu ya dawo.

To, surukinsa Alhaji Nomau, mahaifin matarsa Ladidi, babban manomi ne. Da damina ta kama ya sayi a-kori-kura ta hannu, irin mai shiga daji, don kai taki gonarsa can bayan Ɗandume. Injinta lafiya lau, sai dai ƙafarta. Ka saki sitiyari ta yi hagu, tayoyin gaba sun cinye ta ciki sun bar waje, shokabzoba mai rage girgiza kuwa duk ta zubar da mai. Alhaji ya miƙa wa Barau makulli, ya ce ya kai ta garejin Jatau a ɗora ta a na'ura a yi mata alaimen, wato saitin ƙafa, a duba sifirin, don jibi za su kai taki kafin masara ta wuce lokaci.

Barau ya karɓa da hannu biyu, ya ce an gama. A ransa kuwa cewa ya yi, yau ga ranar da gidan surukai za su san wa suka ba 'ya. Kullum in ana maganar mota a gidan sai a ce Jatau, kamar Jatau ne ya ƙera ƙarfe. Ya karya kan mota ya yi gida da ita.

Ladidi na ganin ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin motar babanta ta tambaye shi ko nan ne garejin Jatau. Ya ce mata ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ta ce Allah ya kyauta, ta koma kan tukunyarta.

Wuni biyu yana fama. Ya samo fallayen sifirin na wata matacciyar tirela a wurin 'yan gwangwan, ya cusa a baya, uku a dama, biyu a hagu, don iyakar abin da ya samu ke nan. Ya ɗaure sandar da ke ɗaga gaban mota har ta ƙi juyawa, gaba ya miƙe kamar raƙumi zai tashi. Shokabzoba kuwa ya goge ta da tsumma ta yi ƙyalli, ya ce ta warke. Sannan ya zo kan tayarod, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin gaba su kalli wuri ɗaya. Ya murɗa, ya ja da baya, ya kanne ido, ya dawo ya ƙara murɗawa. Notin da ke kulle ƙarfen ya ƙi komawa mazauninsa, sai ya laƙaba shi da hannu, ya ce ai tafiya za ta ɗaure shi.

Ranar tafiya aka loda taki buhu ashirin, Alhaji ya shiga gaba da sabuwar hularsa, Barau ya kama sitiyari. A kan kwalta, suna tafiya sannu, mota ta yi tsayi, mutane sai kallo suke. Alhaji ya ji daɗi, ya ce lallai Jatau yana da hannu. Ya sake cewa Jatau, ya kuma cewa Jatau. Barau ya kasa jure jin yabon nan na tafiya wurin wani.

"Baba, ai Jatau ko ganin motar nan bai yi ba," in ji shi. "Ni na yi aikin da hannuna. Saitin sahara ne, su nan ba su san shi ba."

Alhaji ya dube shi, ya dubi hanya, ya ce to madalla, ya laluba ya kama mariƙin ƙofa.

Suna sauka daga kwalta labari ya sha bamban. Ramin farko, gwaf, kan Alhaji ya gaisa da rufin mota. Barau ya ce haka sabon sifirin yake, sai ya saba da mutum. Rami na biyu hula ta koma faifai. Mota ta fara tafiya a karkace kamar ƙaguwa, gindinta na neman wuce kanta, Barau ya murɗe sitiyari rabi kafin ta miƙe. Ya ce dabara ce, don kada tayar baya ta faɗa ramin da ta gaba ta faɗa. Tayoyi suka kama kuka, ƙiii, ƙiii, ya ce riƙon ƙasa ne. Alhaji dai sai salati a ciki-ciki.

Da suka gangaro fadama, inda hanya ta zama taɓo, sai aka ji ƙwas daga ƙasa. Sitiyari ya yi sakwaf a hannun Barau, yana juya shi kamar mai tuƙa tuwo, mota kuwa ta yi gaban kanta. Ta ratsa kunya uku, ta shiga gonar shinkafar mutane, tsulum, ta zauna. Buhu huɗu suka yi tsalle suka bi ruwa.

Suka fito, taɓo har gwiwa. Tayar dama na kallon gabas, ta hagu na kallon yamma, kamar waɗanda suka yi faɗa. Manoma suka bar fartanya suka kewaye su, mai gonar na tambaya ko direban makaho ne. Nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Barau ya share gumi, ya matso kusa da surukinsa, ya rage murya ya ce gaskiya ɗazu raha yake yi, Jatau ne ya yi aikin, kuma dama shi tun farko bai yarda da hannun mutumin nan ba.

Alhaji ya ce ashe haka ne. Ya zaro waya ya kira Jatau, ya ce ya zo ya ga aikinsa.

Kafin a gama ɗaura wa motar shanun huɗa a ja ta tudu, sai ga Jatau a kan babur da jakar sifanu, ransa a ɓace. Ya rantse a gaban jama'a cewa yau ya fara ganin motar nan. Barau ya shiga duban sama kamar mai lissafin hadari. Jatau ya kwanta ya leƙa ƙasa, ya daɗe. Ya ƙirga sifirin dama, ya ƙirga na hagu, ya sake ƙirgawa. Ya jawo tayarod da ke lilo, ya nuna wa mutane inda noti ya kamata ya zauna. Sannan ya miƙe ya karkaɗe riga.

"Alhaji, shekarata talatin a ƙarƙashin mota, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ka binciki na kusa da kai. Wanda ya yi aikin nan gadonka yake so ya ci."

Alhaji ya cire hularsa da ta lotse, ya sa hannu yana tayar da ita, ya mayar kai. Ya dubi Barau tun daga taɓon ƙafarsa har sama.

"A'a, Jatau, kada ka ɗauki alhakinsa," in ji shi. "Mijin 'yata ne, ko na mutu ba shi da gado. Wannan jahilci ne tsagwaronsa, don Allah ya yi."