Amin Ɗin Da Mama Lai'atu Ta Riƙe

A wani ƙaramin coci can bayan Saminaka, in aka yi addu'a ba a ji amin ɗin Mama Lai'atu ba, to ko dai tana kwance ba lafiya, ko ta tafi biki. Ita ce mai buga tulun kiɗa a zumuntar mata shekara ashirin da wani abu, kuma Allah ya ba ta murya. In ta ja "Amiiin!" har kwanon rufi sai ya amsa.

Sai ga rigimar ɗorawa. Itace ɗaya ne tal, a kan iyakar gonarta da ta Dattijo Irmiya, ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya. Ita ta ce marigayi mijinta ne ya gada, shi kuwa ya ce ai inuwar ta fi faɗawa gefensa. Da ɗorawa ta nuna, Mama Lai'atu ba ta tsaya dogon zance ba, ta sauke ta tas, ta dafa kalwa, ta yi daddawarta.

Dattijo bai kai ƙara wurin mai unguwa ba, bai kuma tare ta a hanya ba, don ya san bakinta. Mutumin naku sai ya jira Lahadi, lokacin da ake ba shi addu'a, kowa ya rufe ido, babu mai katse shi.

Lahadin farko ya ce, "Ya Ubangiji, ka taɓa zuciyar masu girbe abin da ba nasu ba." Mama Lai'atu ta rangaɗa amin fiye da kowa, don ita a ganinta da shi kansa yake.

Lahadi na biyu ya ce, "Ka shiryi masu sauke ɗorawar mutane." Ta buɗe ido ɗaya ta dube shi.

Na uku kuwa abin ya wuce wuri. Ya marairaice murya kamar mai shirin kuka, ya ce, "Ya Uba, ka san ta, ba sai na faɗa ba. Gwauruwa ce, tana benci na biyu ta wajen taga. Daddawar da take kaiwa kasuwa kuma, kai ka san asalinta. Ka ba ta tuba, cikin sunan Yesu."

Jama'a suka ce amin a sanyaye, wasu na danne dariya. Mama Lai'atu ta ɗinke baki gum, ta harɗe hannu a ƙirji. Kai, shirun nan har na bencin baya sun ji shi.

Ana tashi daga sujada Dattijo ya ce lallai dattawa su zauna. Aka jera kujeru a gindin mangwaro, aka kira ta gaban Fasto Sila, wanda bai fi wata biyar da zuwa garin ba. Abin da Dattijo ya nema shi ne a sa ta horo wata uku: ta koma bencin baya, a kuma karɓe tulu. Ga babban taron mata saura mako biyu, ita ce za ta buga wa ƙungiyarsu. Abin ya dame ta ƙwarai, don da a raba ta da tulun nan gara a sare ɗorawar a yi gawayi. Amma ba ta bari an gani a fuskarta ba.

Shi Dattijo ya taɓa yin wata shida a makarantar Littafi Mai Tsarki, ya dawo da kalmomin Ibrananci guda uku, tun daga nan kuwa ba a huta ba. Ya gyara zama, ya ɗaga yatsa.

"Mama Lai'atu, kin ma san ma'anar amin kuwa? Kuna ta ihu da ita shekara da shekaru, ba ku san abin da kuke faɗa ba. Ibrananci ne! Ma'anarta, gaskiya ne, haka yake, bari ya tabbata. In ikilisiya ta ce amin, ta haɗa baki ke nan a kan magana ɗaya. Wanda ya ƙi faɗa ya ware kansa daga jama'ar Allah."

"Na gode da karatu, Dattijo," in ji ta. "Wato da na ce amin ɗazu, na shaida da bakina ke nan cewa ni ɓarauniya ce, kuma bari ya tabbata?"

"Ni ban kama sunan kowa ba!"

"Ba ka kama ba kam. Kwatance dai ka yi wa Ubangiji, har da taga, don kada ya ɓata hanya."

Wani dattijo ya shaƙe da dariya, ya mayar da ita tari. Dattijo Irmiya ya cika ya yi fam, ya juya wajen Fasto yana haki. "Ka ji ko? Ka ji irin bakin da nake faɗa maka?"

Fasto Sila ya share gumi. Shi dai so yake a rabu lafiya, kuma ya ga hanya mai sauƙi: ta ce amin ɗin yanzu a gaban dattawa, a bar mata tulunta, kowa ya tafi gida ya ci tuwo. Ya sassauta murya.

"Mama, ki yi haƙuri. Ko yaya ne dai, addu'a addu'a ce. Mutum ya tsaya a gaban Allah yana roƙo, me zai hana ki amsa masa da amin?"

Mama Lai'atu ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta dubi Fasto cikin ladabi.

"Baba Fasto, ai amin na maganar da aka yi da Allah ne. Wannan da ni yake. Jira nake ya buɗe ido in ba shi amsa."