Ranar da Mai Haƙuri Ya Yi wa Kaka Tawaye

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon taya: tebur huɗu, kwamfuta biyar, da fankar da ta fi mu surutu. A nan muke ƙera wasan waya na kafa daula, inda mutum zai fara da ƙauye guda ya yi ta cin garuruwa. Ni ke zana taswira. Dogo, wanda teburinsa ke jikin nawa, shi ya ishe mu da cewa wasan ya cika daɗi, wai a tarihi babu daular da ta girma ba ta tsage daga ciki ba. Sai da ya cusa yaƙin basasa a ciki hankalinsa ya kwanta. Kwana biyu da sakin wannan sabon gyara na wasan, da hantsi, muka ji sanda tana hawo matakala. Kakar Dogo ce, wadda ta haifi ubansa, waya a hannu, tana haki.

"...lafiya lau, ban da ganinka," ta ce, tun bai gama gaisuwa ba.

"A'a, amaryata! Kewata ce ta hawo da ke bene? Da kin aiko ai da na sa an ɗauko ki a baro."

"Baro ya kwashi waɗannan ƙafafu naka masu kama da tsinken tsintsiya. Wane ɗan banza ne ya taɓa min daula?"

"Wace daula? Ke da ko kajin gidanki ba sa jin maganarki?"

"Shekara ɗaya da rabi ina gina ta! Gari arba'in da uku, jiragen ruwa, rumbuna a cike. Yau na tashi na tarar rabin taswirar ta yi ja, wai gwamnan yamma ya yi tawaye. Ka cire min wannan shashanci, ko ka ba ni takardata in je in auri mai hankali."

"Wa zai kwashe ki? Haƙori huɗu, biyu na roba. Tarihi ne, tsohuwa, haka dauloli suke."

"Ni za ka gaya wa tarihi? Kai da takalmin nan nawa ya girme ka?"

Dogo ya karɓi wayar yana dariya, ni ma na leƙa. Ashe tsohuwar ta canza wa gwamnoninta suna, ta laƙaba musu na 'ya'yanta uku. Babba na gabas, Auta na arewa, na yamma kuwa Mai Haƙuri, wato uban Dogo.

"Tsohuwa! Ai babana ne ya yi miki tawaye!"

"Ƙarya kake! Ubanka ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya ba shi haƙuri. Da Auta ne da na yarda. Kwamfutarku ce ta haukace."

"To saurara. Gabas, wurin Babba, kin kai ziyara sau sittin, har ganuwa kika gina masa. Arewa, duk sanda Auta ya yi kuka kin tura masa hatsi..."

"Yaron ba shi da ƙarfin jiki."

"Yaron nan mai furfura da jikoki biyu? Yamma kuwa, ziyara babu ko ɗaya. Amma duk yaƙin da kika ci, da sojojinsa kika ci shi."

"To ai bai taɓa kawo ƙara ba! Mutumin da ba ya kuka me zan je in yi masa?"

"Abin da na saka kenan. Mai kuka ya riga ya amayar da na cikinsa. Mai shiru shi wasan yake tara wa haushi."

"Munafuki. A ina ka koyo wannan?"

"A littattafai."

"Littattafan gidanku. Tura masa jirgi goma ya rufe min baki."

Dogo ya danna. "Ya mayar."

"Ashirin."

"Ya mayar. In abu ya kai nan kyauta ba ta aiki. Hanya biyu ta rage: ko ki murƙushe shi da soja, ko sarauniya ta taka da ƙafarta ta je."

"In yaƙi ɗana? Bakinka ya sari dutse!"

Daga nan ta ja kujerata ta zauna, ta ƙura wa jan taswirar ido. Gaskiya tausayinta ya kama ni, kuma na ji haushin Dogo kaɗan, don na san da gangan ya yi. Duk ofis mun san uban nasa ke kai ta asibiti, shi ke gyara mata rufi in ya yi yoyo, gidansa kuma bai fi tafiyar minti goma sha biyar daga nata ba.

"Kai," ta ce wa Dogo, muryarta ta sauka. "Yaushe rabona da gidanku?"

"Tun ranar da muka tare. Shekara shida."

"Bai taɓa cewa in zo ba."

"Bai taɓa ba."

Ta goge ido da gefen mayafi, sai kuma ta fashe da dariya, ta zungure shi da sanda a ƙauri. Ta lalubo alawa a jaka ta jefa masa.

"Ungo, ɗan 'yan tawaye, yau ka ci. Kashe kwamfutar nan ka ɗauko mota."

"Daular fa? In kika bar ta haka, kafin la'asar babban birninki ya faɗi."

"Ya faɗi mana. Gwamnan yamma nake so in tarar kafin ya fita." Ta dafa sanda ta miƙe, ta nuna shi da yatsa. "Kuma wallahi ka kuskura ka gaya masa waya ce ta aiko ni, sai na karya ka gida biyu."