Ɗan Acaɓan da Ke Suma a Majigin Coci

Wani ne a garinmu, can wajen Nsukka. Kar ma a tambaye ni sunansa, har yau yana bi ta layinmu. Ɗan acaɓa ne, ƙato, ƙirji kamar ƙofar shago. Amma akwai abin da yake ɓoyewa, ba ya iya ganin jini. Ko kaza za a yanka, sai ya ce ana kiransa a waya. Sauro ma in ya sauka a hannunsa, lallashinsa yake ya tashi, don kar ya mare shi ya ga ja.

To sai ya faɗa son wata yarinya, Ukamaka. Ita dai tana sonsa. Uwarta ce matsalar. Mama Ukamaka ita ce shugabar zumuntar mata a coci, kuma ta rantse ba ta ba da 'yarta ga mutumin da sai an kusa tashi yake zuwa sujada, ya tsaya bakin ƙofa yana kaɗa makullin babur.

Da azumin Ista ya kama, Katikis Okwudili, malamin cocin, ya samo majigin wahalar Yesu. Ya ce duk Juma'a da yamma za a nuna a ɗakin taro. Ukamaka ta ce wa mutumin ya daure ya zo, ya zauna inda Mama za ta gan shi. Ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Shi a zatonsa irin na Kirsimeti ne, jariri da tumaki.

Aka rufe tagogi da zannuwa, aka ta da janareto. Da farko lafiya lau, a majigin ana cin gurasa, ana wanke ƙafafu. Har gyaɗa kai yake don Mama ta gani. Can sai sojoji suka ɗauko wata bulala mai ƙugiyoyi. Aka zabga wa Yesu ta farko, fata ta biyo ta. Mata suka sa kuka, wata tsohuwa ta miƙe tana zagin sojojin har da iyayensu. Mutumin ya ji ɗakin na juyawa. Kafin ya ce wani abu ya tafi luuu, ya kifar da benci da duk matan da ke kai.

Da ya farfaɗo sai ya ga Mama Ukamaka a kansa, tana masa fifita da ɗankwalinta.

"Ɗana, me ka gani?"

Ɗana fa. Matar da ko gaisuwarsa ba ta amsawa.

"Duhu, Mama. Duhu kawai."

Katikis ya ɗaga hannuwa sama. Ya ce a Littafi an rubuta duhu ya rufe duniya lokacin da Yesu ke kan gicciye, ga shi ɗan'uwanmu ya riga majigin isa wurin. Ruhu Mai Tsarki ne ya kayar da shi. Mutumin ya buɗe baki zai gyara zance, Ukamaka ta take masa ƙafa. Ranar a gidan Mama ya ci akpu, tuwon rogo, da miyar agushi, nama har yana ture hannu.

Juma'a ta zagayo, aka ce mai Ruhu ba ya zama a baya. Aka sa masa kujera a gaba, dab da allon, inda ɗigon jini ɗaya ya kai girman faranti. Shi ma ya yi shiri. Ya cusa auduga a kunne, ana kashe wuta ya runtse ido gam. Mata na ta nuna shi, wai dubi yadda yake addu'a.

Ashe kusa da shi aka zaunar da Pa Ezeudu, wani tsoho makaho, ga shi ba ya ji sosai. Matarsa ce ke ba shi labarin abin da ake nunawa, kuma sai ta ɗaga murya.

"Yanzu sun kafa masa ƙusa a hannu."

"Ta shiga?"

"Ta shiga, har ta ɓullo ta baya. Jini na tsartuwa kamar famfo ya fashe."

"Kamar me?"

"Kamar famfo!"

Tim, ɗan acaɓan ya zube.

Aka ce kun gani ko, ido rufe ma yana gani.

Daga nan fa abu ya girma. Mutane suka riƙa zuwa daga ƙauyuka, ba don majigin ba, don shi. Wasu har juya benci suke su ba allon baya. Samari na gardama, wannan ya ce yau a bulala zai faɗi, wancan ya ce a'a, zai kai inda ake sa wa Yesu rawanin ƙaya. Mata masu goyo suna layi su shafa rigarsa. Goshinsa duk ya yi ƙulu-ƙulu, ya rame, har ta kai ana jan igiyar janareto sai ya fara duban inda zai faɗi. Amma in ya tuna Ukamaka sai ya ce a ransa, Ista dai ta zo ta wuce.

Ista ta wuce. Ya ɗauko kawunsa da jarkar bammi da goro, suka je neman aure. Baban Ukamaka na zaune shiru kamar kullum, don kowa ya san wa ke da magana a gidan. Mama ta saurari kawu har ya gama, sai ta fashe da kuka.

"Ɗana, in na ba ka Ukamaka, na yi wa Allah sata. Irinka ba na mace ba ne."

Ta ce ta riga ta yi magana da Fada, limamin cocinsu, ya ce akwai wuri a makarantar da ake koyon zama Fada. Zumuntar mata ma har ta saya masa akwati da katifa. Kawu ya ce kai, wannan ai abin alfahari ne, danginsu ba su taɓa yin Fada ba. Ya jawo jarkar ya fara zuba wa kansa.

Mutumin ya dubi Ukamaka, tana bayan labule tana cizon yatsa. Ya zube a kan gwiwa.

"Mama, Fada fa ba ya aure."

"Na sani, ɗana."

"Mama, Allah na gani, ba Ruhu ba ne. Jini nake tsoro. Tun ina yaro. Ko kaza ban taɓa yankawa ba."

Kawu ya ajiye kofi. Mama ta share hawayenta, ta gyara ɗaurin zani, ta kalle shi tun daga ƙulun goshi har ƙafa.

"To tashi ka ɗauki jarkarka. Ranar da 'yata ke naƙuda, wa zan riƙe, ita ko kai?"