Ranar da Na Gaida Gwamna

Shekarar da na kwashi iyalina daga Maigatari zuwa kallon birnin Damagaram, tun a hanya nake cika baki cewa na san Nasara kamar yunwar cikina. Muna isa gidan Gwamnan Faransa na hango shi tsaye a bene, da farar kwat da malafa.

"Ku tuɓe takalma!" na ce. Muka zube a rairayi mai zafi, ina ta "Zaki! Ranka ya daɗe!"

"Malam, bai amsa ba," in ji matata Hajara.

"Manya ba sa gaggawa."

Sai ga mai wanki ya fito, ya ninke Gwamna, ya saɓa a kafaɗa.

Har yau in Hajara ta yi shanya sai ta leƙo: "Malam, fito, Gwamna ya iso."