Rasuwar Konsatinar da Na Gyara Har Ta Mutu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda rabinsa haushi ne, ni Albertino Cerqueira, tsohon magini, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da masu zaman kashe wando a shagon giyar Amândio, rasuwar konsatinata, abin kiɗan nan mai zugazugi da maɓallai. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin kicin, magagari yana hannuna.

Ba wanda ya san shekarun marigayiya. Wanda ya sayar mini da ita a kasuwar Ponte de Lima ya ce ta yi bukukuwa arba'in. Bai ambaci zaman da ta yi a ɗakin kaji ba, sai da na buɗe zugazuginta na tarar da shaida. Maɓallanta biyu a maƙale suke, iska tana zurarewa ta kusurwa uku, in ka ja ta sai ta ce "fuuu" kafin ta yarda ta ce wani abu. Duk da haka mai haƙuri ce. Ta jure yatsun mutumin da ya shekara talatin yana fasa dutse. Muryarta kuma rawa take yi, kowane sauti "wa-wa-wa", kamar tsohuwa tana waƙa a hawan tudu. Ni na ɗauka ciwo ne.

Ba don sha'awa kawai na ɗauko ta ba. Kowane Agusta ƙauyenmu yakan hau dutse zuwa bikin waliyyi, mai konsatina a gaba, mata suna waƙa a baya. Shekara hamsin Baba Zeferino ne a gaba, bana ciwon gaɓoɓi ya nannaɗe masa yatsu. In ba a samu ɗan ƙauye ba, sai an roƙo makaɗi daga ƙetaren kogi, mutanen da tun kakanninmu suke cewa ba mu iya komai ba sai noman kabeji. Na kwashe hunturu ina koyon waƙa uku. Deolinda, mai ba da waƙa, ta ce, "Kawo ta Lahadin farkon Agusta bayan coci. In mun iya binta, kai ne a gaba."

Jinyar ta fara da kyau. Na toshe zugazugin da fatar tsohuwar safar hannu, na narka kakin zuma na liƙe abin da ya ɓalle. Daga nan likitoci suka taso. Amândio ya ce a shafa mata barasa. Wani ya ce a shanya ta a rana. Na saurari kowa, don ni ba mai katse mutum ba ne. Sai Custódio, ƙanin matata, wanda bai taɓa kaɗa komai ba sai odar mota, ya karɓi wayata ya sa mata wata manhaja mai allurar auna sauti.

"Yaya, an daina aiki da kunne," in ji shi. "In allurar ta tsaya tsakiya ta yi kore, magana ta ƙare."

Ina da shekara hamsin da biyu na koyi karatu a ajin manya, kuma tun daga lokacin nake gaskata abin da ke rubuce fiye da mutum mai rai. Na buɗe cikin marigayiya. Kowane sauti harsunan ƙarfe biyu ne ke fitar da shi, kuma ko'ina biyun ba su daidaita ba: ɗaya yana tsakiya, ɗaya ya ɗan haura. Daga farko har ƙarshe haka. Na yi tsaki, na raina wanda ya ƙera ta. Mako uku ina goge gindin harsunan da suka haura, ɗaya bayan ɗaya, har kowa ya yi kore.

Matata Gracinda ta leƙo ta ce, "Kai mutumin nan, da tana kuka kamar mutum. Yanzu sai ka ce injin wanki ya gama aiki."

Na ci gaba da aikina. Ita ba ta da allura.

Ranar Lahadi a farfajiyar coci na ja zugazugi. Marigayiya ta ce "piii", miƙaƙƙe, busasshe, ba ko gargada. Deolinda ta buɗe baki, ta fara, ta tsaya.

"Albertino, ba inda zan jingina murya a jikin wannan."

Baba Zeferino ya miƙo hannu. Ya danna maɓalli ɗaya da ɗan yatsan da ya rage masa mai motsi, ya karkata kai.

"Wa ya cire mata rawar murya?"

"Ni na gyara ta, Baba."

"Da gangan ake raba su, ɗana. Wannan ɗan saɓanin shi ne kiɗan. Wani ya yi kwanaki yana raba su da kunnensa, kai ka zo ka sasanta su."

Nan take kowa ya zama masani. Amândio ya ce ai ko jariri ya san haka. Mako uku ina zuwa shagonsa da ƙurar ƙarfe a farce, ina faɗa musu harshe nawa na daidaita, suna gyaɗa kai suna cin zaitun. Ba wanda ya san komai sai da tsoho ya faɗa.

Deolinda ta ba ni zuwa Laraba. Ranar Litinin na koma don in mayar wa harsunan rigimarsu, wannan karon ina goge bakinsu don su sake haurawa. Amma ƙarfen da aka kankare ba ya komawa. Sun riga sun zama kamar ɓawon albasa. Na farko ya ce "tis" ina gwada shi. Kafin hantsin Talata bakwai sun bi shi. Maganarta ta ƙarshe "hhh" ce, iska zalla.

Ta rasu ta bar maɗauri biyu na fata, akwati mai warin kaji, da waƙoƙi uku a yatsuna da ba su da wurin zuwa. Ta bar Custódio cikin ƙoshin lafiya, yana gaya wa mutane ban karanta bayanin allurar har ƙarshe ba.

Za a naɗe ta a buhun fulawa a hau da ita rumbun masara ranar Asabar da ƙarfe huɗu. Ba a buƙatar limamin coci, ba a buƙatar furanni. Baba Zeferino yana da kujera da kofi a gidana. Duk mai sauran shawara ya zauna da ita a shagon Amândio.

Ranar biki mutumin ƙetaren kogi ne zai shige gaba, kuma zai tabbatar kowa ya ji dalili. Masu son yi mini ta'aziyya za su same ni a sahun ƙarshe, bayan mai ganga, da ƙarfen nan mai kusurwa uku da ake bugawa da ƙusa. Deolinda ce ta ba ni aro, bayan ta sa na rantse a gaban mata goma sha ɗaya ba zan gyara shi ba.