Lissafin Jarkar da Na Gyara wa Sa'adatu

Na manta sunayen rabin malaman da na yi aiki a ƙarƙashinsu, na manta inda na ajiye takardar sallamata daga aiki, amma lambar nan ɗari biyu da saba'in da uku ba zan taɓa mantawa da ita ba har a kai ni makwanci.

Shekara talatin da ɗoriya na yi a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwaleji a nan yankinmu na Ɗanbatta. Kada mai karatu ya ɗauka wani babban matsayi ne. Wanke kwalabe ne, da kunna wutar gas, da goge allo, da riƙon makulli. Bokona a aji uku na sakandare ya tsaya. Sai dai da na daɗe ina wanke kwalaben masu ilmi, na fara jin kamar wani abu ya maƙale mini a hannu. Abu ɗaya da na ƙware a kai da gaske shi ne karanta ma'aunin zafi, siririn gilashin nan mai layi-layi. Ko malamai da ni suke tabbatarwa. A ƙauyenmu kuwa wasu "Likita" suke kirana (ban taɓa hana su ba).

Autata Sa'adatu a kwalejin ta karanci kimiyya. A shekarar ƙarshe aka ba ta aikin bincike, wanda sai an ci shi ake fita, in an faɗi a maimaita shekara. Nata a kan robar jarka ne, irin wadda muke ɗebo ruwa da ita. Wata rana muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida ta yi mini bayani.

"Baba, robar nan zarurruka ne dogaye da ido ba ya gani. A wasu wuraren sun jeru kamar karan da aka ɗaure dami. In zafi ya kai, sai damin ya kwance, kowane kara ya kama gabansa. Yawan wannan watsewar nake lissafawa. Entirofi ake ce masa."

Na ce, "Watsewa ma har awo gare ta?"

"Sosai. Zafin da robar ta sha wajen narkewa za a raba da matakin zafin da ta narke a kai."

Na ce ai wannan ko ɗan firamare ya iya rabawa. Ta ci gaba da wani bayani, ni kuma hankalina ya koma kan akuyar da ta nufi buhun gyaɗa. (Daga baya na gane a wannan ragowar bayanin mutuncina yake.)

Zafin da robar ta sha, a Kano aka auno da na'ura, lambar ta zo ɗari biyu da huɗu. Matakin narkewa kuwa ni na karanta da idona. Aka yanki guntun jarka aka sa a cikin mai, muna ɗumamawa a hankali har ya saki jiki ya zama garai-garai. Ɗari da talatin da biyar. Sau uku muka maimaita.

Ana saura kwana biyu a rufe karɓar aiki zazzaɓi ya kwantar da Sa'adatu. Malaminta, Malam Kyari, ya riga ya duba rubutun hannunta ya amince. Sai ta ba ni in kai gari a buga da kwamfuta a ɗinke. A cikin motar haya na buɗe ina dubawa, ba don ina ganewa ba, don mutanen motar su ga ina dubawa. Nan idona ya faɗa kan wurin rabawar. Inda ya kamata in ga ɗari da talatin da biyar, sai na ga ɗari huɗu da takwas. A gefe ta ƙara wata ɗari biyu da saba'in da uku da ban san daga inda ta fito ba.

Na ce kai, zazzaɓi bai yi ba. Ma'aunin namu gaba ɗayansa a ɗari uku da sittin ya ƙare, ta ina za a samo ɗari huɗu? Na zaro biro na soke, na mayar da lambata. A shagon buga takardu na ari kalkuleta na sake rabawa. Amsarta rabi ce, tawa ta ba da ɗaya da rabi har da ɗan burbushi. Har daɗi na ji, amsa ta ƙaru. Na bi duk inda rabi ya fito na gyara, aka buga, aka ɗinke, na miƙa a ofis da hannuna. Ban gaya mata ba. A ganina irin taimakon nan ne da iyaye ke yi wa 'ya'ya ba tare da sun kunyata su ba.

Ranar da za ta kare aikin a gaban mai jarrabawa, a ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki aka zauna. Ni na jera kujeru, ni na kawo ruwa. Mai jarrabawar daga Kano ta zo, wata Dakta ce mai gilashi wadda ba ta ɗaga murya. Ɗalibai sun cika baya. Sa'adatu ta tashi ta yi bayani ba ta ko kallon takarda, ta rufe da cewa amsa rabi ce.

Dakta ta juya shafi. "Bakinki ya ce rabi, takardarki ta ce ɗaya da rabi. Wanne zan ɗauka?"

Sa'adatu ta buɗe nata kwafin. Ta daɗe tana kallon shafin. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai.

"Wanda ya yi aikin nan da kansa ba zai raba da wannan lambar ba," in ji Dakta. "Wa ya rubuta miki?"

"Kuskurena ne, Hajiya."

"In kuskurenki ne, sai mu haɗu baɗi." Ta cire murfin jan biro.

Da in ce na gane yarinyar rufa mini asiri take yi, na fito don in cece ta, da labarin ya fi kyau. Ba haka aka yi ba. Ni abin da na gani shi ne ana ƙaryata lambata. Na dire farantin ruwa na gyara hula.

"Ranki ya daɗe, a yi mini haƙuri. Lambar nan daidai take, ni na karanta ta sau uku. Ita ce ma ta rubuta ɗari huɗu da takwas cikin zazzaɓi, na gyara mata a mota."

Malam Kyari ya cire gilashinsa ya dube ni.

"Baba, a mota?"

"A mota, Malam. Kafin mu kai tasha na gama."

Wani ɗalibi ya fara dariya daga baya, sauran suka kama. Har Malam Kyari ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na rawa. Dakta ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tambaya ko ni ne mahaifin yarinyar, na ce ni ne (a lokacin muryata ta fara ƙanƙancewa).

"Sa'adatu, ɗauki alli. Ba ni za ki yi wa bayani ba, shi za ki yi wa. In ya gane, kin ci."

Haka shekarar yarinya ta dawo kan ƙwaƙwalwar mutumin da akuya ta ɗauke wa hankali. Aka zaunar da ni a kujerar ɗalibai, wadda ni na goge ta da safe.

Sa'adatu ta zana rijiya a allo, da gwafar da ake rataye guga a kanta. "Baba, in aka ce ka auna daga gindin rijiya zuwa kan gwafa, daga ina za ka fara?"

"Daga gindi."

"To kai daga bakin rijiya ka fara. Ma'auninka daga inda ruwa ke zama ƙanƙara yake fara ƙirga. Amma akwai sanyin da ya fi ƙanƙara, yana ta gangarawa har inda sanyi ya ƙare. Zurfinsa taki ɗari biyu da saba'in da uku ne. Lissafin nan daga gindi yake so. Ma'aunin Kalbin ke nan. Lambarka daidai take, Baba, rijiyar ce ka bari."

"Ka gane, Baba?" in ji Dakta.

Na ce na gane.

"To a nawa ruwa yake tafasa a ma'aunin Kalbin?"

Ruwa a ɗari yake tafasa, wannan ko daga barci aka tashe ni na sani. Saura in haɗa da rijiyar. Ban taɓa yin lissafi mai tsawo irin wannan ba. Gumi na bin bayana, Sa'adatu ta ƙura wa allo ido kamar ba ta san ni ba.

"Ɗari uku da saba'in da uku."

Dakta ta mayar da murfin biro. Ta ce a sake buga shafukan yadda mai su ta rubuta, kuma a wannan karon a aiki wani.

A hanyar gida, muna bin tsakanin gonaki, na ce mata me ya sa ba ta faɗi sunana tun farko ba. Ta ce, "A gaban mutane, Baba?" Sai ta karɓi jakata ta riƙe. Sai da na kwana uku kafin bakina ya iya ba ta haƙuri. Ita ta yarda ta ba da shekara guda don kada a yi mini dariya, ni kuwa ban iya barin lamba ɗaya ta wuce ba a yaba mini ba.

"Likita" ya mutu daga ranar. Har na bar aiki Baba Kalbin ake kirana, kuma na amsa, don wannan ni na nemo shi da gumina. Sa'adatu yanzu malama ce, har yau takan ba ni saƙon takardu in kai gari. A ambulan take sawa, ta liƙe, ta sa hannu a kan liƙin. Ban taɓa tambayarta dalili ba. Ni ma in zan shiga mota, a gida nake barin biro.